Katangar Filin Ayari

A Djougou babu wanda bai san Alhaji Massaoudou ba, amma ba don goro ba, ko da yake goro ne ya riƙe gidansu tun zamanin da fatake ke sauke jakuna a garin kan hanyarsu ta Gwanja. Da ƙwallo aka san shi. Tun ana kiran ƙasar Dahomey ya tara samarin unguwa, ya ɗinka musu riguna kore da fari, ya raɗa wa ƙungiyar suna Ayari. Da sojoji suka karɓi mulki, aka bar jam'iyya ɗaya tak, kowa ya zama kamarad, shi ma aka mai da shi Kamarad Alhaji. Ya kan ce har yanzu bai gane ba ko ƙara masa girma aka yi ko ragewa.

Filin Ayari yana bayan tashar mota. Babu katanga, babu ƙofa, kuma ya ɗan karkace, don haka kowace ƙungiya kan yi addu'a ta sami gefen tudu bayan hutun rabin lokaci. Masu kallo kan hau saman manyan motoci. Akwai hanyar rijiya da ta ratsa ta tsakiyar filin, in mata suka taho da tulu a ka, alƙalin wasa ya kan busa, a jira su wuce. Babu wanda ya taɓa ganin aibin haka.

Can ƙarshen shekarun saba'in sai Ayari ta yi abin da ba a zata ba: ta doke ƙungiyoyin arewa ɗaya bayan ɗaya, ta haye rukunin farko na ƙasa. Yawancin ƙwallayen Nouhou ne ya ci su, ɗan yayar Alhaji, dogon saurayi mai ƙafar hagu, wanda ba shi da wata sana'a sai taya kawunsa yayyafa wa goro ruwa. Garin ya yi murna har aka manta da cin kasuwa.

Murnar ba ta daɗe ba. Mutanen hukumar ƙwallo suka zo daga Kwatano, mazaunin gwamnati can bakin teku, suka zaga filin cikin takalma masu sheƙi, ɗaya ya taka kashin awaki. Suka ce ba a wasan rukunin farko a filin da ba shi da katanga da ƙofa, domin inda babu ƙofa ba a sayar da tikiti, kuma alƙalin wasa ba shi da inda zai fake in jama'a suka harzuƙa. Sai an daidaita ƙasa, an kewaye, sannan a yi magana.

Aka kira taro a Gidan Jama'a. Shugaban gunduma, Kamarad Sanoussi, tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, da bai kai arba'in ba, mai son dogon jawabi. Ya bayyana cewa gwamnati tana son wasanni ƙwarai, amma kuɗinta duk suna cikin tsari, kuma tsarin bai san da katangar Djougou ba. Sai dai juyin juya hali ya koya wa talakawa su dogara da ƙarfin kansu. Saboda haka za a ɗora ɗan wani abu kan kowane huhun goro da kowane faifan kasuwa, makiyaya su ba da abin da ya sawwaƙa, ƙauyuka su turo majiya ƙarfi kowace Asabar.

Wadda ta fara miƙewa Hajiya Zouéra ce, shugabar matan kasuwa, yayar Alhaji uwa ɗaya uba ɗaya, kuma mahaifiyar Nouhou. Ta ce rumfunan kasuwa suna yoyo, duk damina gishiri na narkewa, atamfa na ruɓewa, an yi shekaru ana yi musu alkawarin kwano. Yanzu kuma daga faifansu za a cire kuɗin kewaye fili don ƙarti masu gemu su riƙa bin fata da gudu. Ta ce ɗanta ma yana cikinsu, kuma ba ta taɓa ganin ya shigo gida da ko mudun dawa daga wannan gudun ba. Wani dattijo daga Pélébina ya tambaya, cikin ladabi, ko su da za su ɗauko duwatsu za a bar su su shiga kallo in an gama, don shi bai taɓa ganin wasan ba. Aka yi dariya, ba a ba shi amsa ba.

Alhaji ya yi magana shi ma, kuma da zuciya ɗaya ya yi ta. Ya ce garin da kakanni suka sa aka san sunansa daga Kano har Gwanja ya koma wurin da mota ke tsayawa a sha ruwa a wuce. Ga Allah ya kawo abin da zai sa a riƙa faɗin Djougou a rediyo kowace Lahadi, ashe za su bar shi ya kuɓuce saboda bulo da siminti? Wasu suka gyaɗa kai, wasu suka ci gaba da gunaguni. Da Kamarad Sanoussi ya ga gardama za ta kai la'asar, sai ya ce yana lura da cewa a kowane taro akwai masu son jan juyin juya hali baya, kuma jam'iyya tana da idanu. Aka ce a kaɗa ƙuri'a. Aka ɗaga hannu, ba a sami ko mutum ɗaya da ya ƙi ba. Alhaji ya ga yayarsa ta ɗaga nata hannun tana kallonsa, ya sunkuyar da kai. Ba haka ya so ya yi nasara ba, amma bai ƙi nasarar ba.

Saura tambaya ɗaya: ina Ayari za ta riƙa karɓar baƙi kafin a gama? Nan Badamasi ya shigo, wani Basakkwace da ya zo garin da tsohuwar mota ɗaya yana jigila tsakanin Djougou da Parakou. Ya ce ai Parakou tana da fili mai katanga, a ara na ɗan lokaci, shi kuma zai riƙa kai 'yan wasa kyauta, fi sabilillahi. Alhaji ya rungume shi a gaban jama'a. Sai daga baya ya lura cewa 'yan wasa ba su cika rabin motar ba, sauran rabin da saman kaya magoya baya ne, su kuwa ba fi sabilillahi suke hawa ba.

Aiki ya kankama. Kowace Asabar mutanen Onklou da Pélébina kan iso da sassafe, wasu a ƙasa, su haƙa, su ɗebo yashi a rafi, mata su jido ruwa. Alhaji ne shugaban kwamiti, shi ke fara zuwa, shi ke tashi ƙarshe, babbar rigarsa a naɗe a kafaɗa. Siminti kuwa sai an roƙa. Daga Kwatano yake zuwa a jirgin ƙasa har Parakou, daga nan a loda a mota, kuma a kowane zango buhunan kan rage kamar ana tatsarsu. Wani kaso da ya iso lafiya aka karkatar da shi aka gina dandamalin bikin zagayowar ranar juyin juya hali, aka ce aro ne. Da kuɗin kwamiti suka ƙare damina ta biyu, Alhaji ya sayar da lambun mangwaron da ya gada, bai shawarci kowa ba. Hajiya Zouéra ta daina gaishe shi a kasuwa, sai dai in an haɗu a suna ko jana'iza.

A Parakou kuwa abubuwa sai daɗi suke yi. Akwai masana'antar gurzar auduga ta gwamnati a bakin gari, daraktanta Kamarad Soumaïla, mutum mai fara'a da taushin murya, wanda ba ya rasa wasa. Shi ya fara aiko wa yaran da shinkafa da nama bayan wasa. Daga nan ya ce abin tausayi ne a riƙa jijjiga su a wannan hanya mai ramuka ranar wasa, ga ɗakuna a unguwar ma'aikata babu kowa, su riƙa kwana tun Juma'a. Alhaji ya yi godiya. Bayan ɗan lokaci daraktan ya ce a ƙasar gurguzu babu ɗan ƙwallon haya, wannan al'adar 'yan jari hujja ce, amma babu dokar da ta hana ma'aikaci motsa jini. Sai ya ɗauki yaran aiki gaba ɗaya. Nouhou ya zama mataimakin mai kula da ma'auni, ko da yake ya rantse wa abokansa bai san ƙofar da ma'aunin yake ba. Ranar da aka ba su albashin farko Alhaji da kansa ya tashi ya yi jawabi, ya ce Djougou ba za ta manta da wannan karamci ba.

Riguna kore da fari suka tsufa, masana'anta ta ɗinka sababbi masu hoton kan auduga a ƙirji. Wata Lahadi Alhaji yana bakin ginin, rediyo a kunne, sai ya ji mai sharhi ya ce Ayarin Parakou. Ya aika ƙorafi, aka ce tuntuɓen harshe ne. Harshen ya ci gaba da tuntuɓe kowane mako.

Sai bayan damina ta uku aka gama. Katanga ce ta gaske, doguwa, an shafe ta da farar ƙasa, ga ƙofar ƙarfe da maƙeran gari suka ƙera, ga fili a miƙe kamar tabarma. An karkatar da hanyar rijiya, mata suna zagaye mai nisa. Alhaji ya tsaya a tsakiya shi kaɗai ya daɗe yana kallo, sannan ya je gida ya sa rigarsa ta Idi, ya ɗauki ƙwaryar farin goro, ya hau motar Badamasi, wadda yanzu sabuwa ce, ya tafi ɗauko 'ya'yansa.

Kamarad Soumaïla ya tarbe shi da hannu biyu, ya sa aka kawo lemo mai sanyi, ya yaba goron. Da Alhaji ya faɗi abin da ya kawo shi, daraktan ya dafe ƙirji kamar an gaya masa rasuwa. Ya ce ai ya ɗauka an sanar da shi. 'Yan wasa ma'aikata sun yi babban taro, sun zaɓi su zauna inda aikinsu yake, hukuma kuma ta amince, tun watannin baya aka rubuta ƙungiyar a lardin Borgou, inda Parakou take.

"Ni na kafa ta," in ji Alhaji. "Ni na raɗa mata suna."

"Babu mai musun wannan, Kamarad Alhaji. Amma ƙungiya ba huhun goro ba ce da mutum ɗaya zai ce nasa ne. Ta jama'a ce."

"Jama'ar da suka yi shekara uku suna ɗaukar dutse fa?"

"Su ma tasu ce. Duk ƙasa ɗaya ce. Ƙofarmu a buɗe take gare su kowace Lahadi."

Ya ƙara da cewa an yanke shawarar naɗa Alhaji shugaban girmamawa har ƙarshen rayuwarsa, da kujera a inuwa. Alhaji ya ce ya gode, yana da kujera a gida.

Bai wuce tasha ba sai da ya nemi Nouhou. Ya same shi a unguwar ma'aikata, ɗaki biyu da lantarki, ga ƙaramin babur a jingine, ga amaryarsa da tsohon ciki tana tankaɗe. Nouhou ya durƙusa ya gaishe shi, ya kasa haɗa ido da shi. Alhaji bai yi faɗa ba. Ya ba shi labarin filin, yadda ƙasa ta kwanta, yadda babu tudu babu gangare, yadda aka sa raga sabuwa. Nouhou yana ta cewa madalla.

"Kawu, in na koma, me zan ci?"

"Da can me kake ci?"

"Tuwon gidanka, Kawu."

Alhaji ya dubi matar. Ya sa musu albarka, ya ce a gaya masa in an sauka lafiya. A hanyar dawowa Badamasi ya yi ta jajanta masa, yana cewa duniya ba gaskiya, yana kuma tsayawa a kowane ƙauye yana sanar da lokacin tashin mota ranar Lahadi.

Kamarad Sanoussi bai ji labarin da baƙin ciki ba, da firgici ya ji shi. Ya riga ya gayyaci shugaban lardi bikin buɗe fili, an sa rana, 'yan lakwal sun haddace waƙoƙi. Ba a buɗe filin ƙwallo babu ƙwallo. Ya yi ta kai da komo a ofis, can sai fuskarsa ta washe. Ya ce a gayyaci Ayari ta zo a matsayin baƙuwa, shi kuma Kamarad Alhaji ya haɗa wata ƙungiya ta gida kafin ranar. Har suna ya ba ta nan take: Ƙarfin Talakawa. Alhaji ya so ya ƙi. Amma ya tuna in ya ƙi wani za a ba, kuma shi ba zai iya zama a gida ana buga wasan farko a wannan fili ba. Ya bi gari ya tattaro teloli, da masu gyaran keke, da tsofaffin 'yan wasansa da suka yi tumbi. Aka fito da tsofaffin riguna kore da fari, aka yi musu faci.

Ranar biki garin ya cika. An kafa tutoci, jandarmomi biyu suna bakin ƙofa, ga tebur ana sayar da tikiti. Mutanen gari masu hali suka saya suka shiga. Mutanen Pélébina da Onklou, da suka taho tun hantsi cikin kayan Sallah, suka tsaya a waje cirko-cirko, don babu wanda ya gaya musu su zo da kuɗi. Wasu suka gwada leƙe, amma sun yi ginin da kyau, babu ko tsaga. Saman motocin tasha ma bai kai tsawon katangar ba.

Alhaji yana ciki yana jera 'yan wasansa sai ya ji hayaniya. Ya leƙa ta ƙofa, ya ga fuskokin da ya yi Asabar bayan Asabar yana raba wa goro da ruwa. Bai nemi izinin kowa ba. Ya zare sakata, ya tura ƙofar gefe da gefe, ya ce wa jandarmomin in kamu ne a kama shi bayan wasa, yanzu yana da aiki. Jama'a suka kwararo. Kamarad Sanoussi, da ke tsakiyar jawabi, ya ga taro na shigowa babu tikiti, ya rikice. Sai ya waiga ya ga shugaban lardi yana tafi. Nan take ya ɗaga hannu ya sanar cewa ga shi, kamar yadda aka tsara, juyin juya hali ya buɗe ƙofa ga talakawan karkara. Aka yi tafi mai tsawo.

Wasan kansa ba abin da za a daɗe ana faɗa ba ne. Ayari ta fito cikin rigunan auduga, jama'a suka tashi da sowa, don duk wanda ke cikinta ɗan wani ne a nan. Kafin a je hutu an zura wa Ƙarfin Talakawa ƙwallaye har an daina lissafi, kuma kowace ƙwallo garin murna yake yi kamar shi ya ci. Alhaji yana zaune a bencin masu shan kashi, ya haɗe rai, ya ƙudura ba zai motsa ba. Can bayan hutu Nouhou ya karɓi ƙwallo a gefen hagu, ya yanke mutum biyu, ya lanƙwasa ta daga nesa ta shige kusurwar sama. Shi Alhaji ne ya koya masa wannan bugu a tsohon fili mai gangare. Bai san lokacin da ya miƙe ba, hannuwa sama, hula a ƙasa. Sai da ya ga golansa, wani tela mai suna Yaou, yana zaune cikin raga yana kallonsa, sannan ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe ya koma ya zauna.

Ba a kama shi ba. Kafin shekara ta zagayo aka ɗaga Kamarad Sanoussi zuwa Kwatano saboda ƙwazonsa wajen gina filin wasa ba tare da taɓa baitulmali ba. Badamasi ya ƙara mota. Hajiya Zouéra kuwa da kanta ta zo gidan ƙanenta, ta kawo masa tuwo da miyar kuka, ta ce ta yafe. Rumfuna dai har yanzu suna yoyo, in ji ta, amma tunda wannan katanga ta yi sanadin ɗanta ya sami albashi da ɗaki da mata, ba ta da sauran faɗa da ita. Alhaji ya rasa ko ta'aziyya ce ko ba'a, ya ci tuwon.

Bai bar ƙwallo ba. Ya sallami masu tumbi, ya koma neman samari a unguwanni da ƙauyuka, yana horar da su da yamma a cikin katangar da ta fi ƙarfinsu. Cikin shekara biyu ya sami wani Idrisu daga Onklou, gajere mai gudu kamar barewa, wanda ya sa mutane suka fara dawowa kallo. Ba a daɗe ba wata farar mota mai hoton auduga a ƙofa ta fara tsayawa a bakin fili ranar wasa. Da zarar Alhaji ya hango ta sai ya zaunar da Idrisu a benci, ya ce ƙafarsa na ciwo. Idrisu ya kan ce lafiyarsa lau, Alhaji ya ce shi ya fi shi sanin ƙafarsa. Haka suka yi ta shan kashi duk ranar da motar ta zo.

Wata safiya yana rumfarsa yana zaɓen goro sai ga wani manomi ya yi sallama, ya tuɓe takalmi ya tsuguna. Ya ce sunansa Jatau, shi ne mahaifin Idrisu, kuma yana cikin waɗanda suka ɗebo yashin ginin, ko da Alhaji ba zai tuna shi ba. Bayan doguwar gaisuwa ya ce yaron ya gaya masa abin da ke faruwa. Ya ce shi bai san ƙwallo ba, amma ya san gonarsa ba za ta ci da 'ya'yansa duka ba.

"Alhaji, in arziki ya zo wucewa, a bar yaron ya tsaya inda za a gan shi."

Alhaji ya ajiye goron da ke hannunsa. Ya ce ya ji.

Lahadin da ta biyo baya farar motar ta zo, Idrisu ya buga daga farko har ƙarshe, ya ci biyu. Bayan sati biyu Alhaji ya raka shi tasha, ya saya masa takalmin ƙwallo a wurin wani ɗan Nijar mai kayan gwanjo, ya ƙulle masa goro a ganye ya ce ya kai wa Nouhou. Ya ja masa kunne kada ya yarda a sa shi a baya, shi ɗan gaba ne. Da mota ta tashi ya tsaya har ta sha kwana, sannan ya nufi fili, don sauran yaran suna jiransa kuma mabuɗin ƙofa yana aljihunsa.